Sanyi a Gidan Mai Jego

Litinin, 4 ga Maris, bayan azahar

Na sayi littafin nan ne don in rubuta kayan jegon Ati: citta, masoro, busasshen kifi, man zafi, zanen ɗaurin ciki. Ga shi shafin farko zai tafi a kan Hazwan.

Hazwan mijin 'yata ne Izzati, wadda muke kira Ati. Saura mata wata guda ta haihu in Allah ya kai mu. Ɗazu ya kira ni daga Shah Alam, birnin da suke zaune, ya yi ta jan gaisuwa, irin wadda da ka ji ka san da magana a bayanta. Wai Ati za ta zo gida jego, amma sai an saka esi, injin sanyaya ɗaki. Na ce esi kuma, a gidan mai jego? Ya ce ai ba ma irin na bango ba da ake liƙa wa ɗaki ɗaya. Babba yake so, inji guda a waje, bututu ya bi ta cikin silin ya huro sanyi ko'ina, falo, kicin, har ɗakin baya. Wai da irin wannan ba sai an rufe ƙofar kowane ɗaki ba. Wai shi zai saya, kyauta ce gare ni da Abang, maigidana.

Kyauta! Ɗakin baya fa shi ne ɗakin jego. A ciki na yi nawa guda huɗu. A ciki Ati ta yi nata wancan karon, shekara uku ke nan, kwana arba'in da huɗu cif, ko atishawa ba ta yi ba. Mace ta haihu, jijiyoyinta duk a buɗe, a ce a hura mata iskar firjin kifi?

Na ce masa zan yi shawara da Abang. Babu wata shawara da zan yi.

Laraba, 6 ga Maris, da hantsi

Na gaya wa Abang. Yana ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidan yake tsaye a kansu, yana ba kurciyoyinsa tsaba, ko ɗago kai bai yi ba. Shekara talatin da takwas ina auren Abang Deraman, har yau in ya ga magana za ta yi zafi sai ya koma ga tsuntsaye. Da na matsa, sai ya ce yaron ya san aikinsa.

Na san ya san aikinsa. Manyan kantunan birni yake saka wa sanyi, inda ake shiga da rigar sanyi a sayi takalmi. To mu kanti ne? Gidan katako ne a tsakiyar gonar shinkafa. Na faɗa masa haka, ya ce kurciyar nan ta hagu ba ta cin abinci.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Zafi kam ana yi. Kajin ma sun shige inuwa sun saki baki. Duk da haka, ban yarda ba.

Asabar, 9 ga Maris, bayan la'asar

Na kira Ah Kiat mai shagon esi na Pendang, garin da ke kusa da mu, don in ji daga bakin wanda ba surukina ba. Ya zo da tef ɗinsa na awo, ya zagaya gidan, ya zura yatsa a tsakanin katakon bangon falo har yatsan ya leƙa waje. Da na gaya masa abin da Hazwan yake so, dariya ya yi har da riƙe ginshiƙi, yana ta kirana Mak Cik, wato Gwaggo.

"Mak Cik, in na saka miki wannan, gonar shinkafa zan sanyaya miki, ba gida ba."

Ya ce sai an toshe duk wata kafa, an sauko da silin, an ja sabuwar waya. Aikin sati uku ne ko huɗu, kuma ko gidan likitan Pendang bai saka irinsa ba. Na bango kuwa wuni ɗaya ne, rabi a ciki, rabi a waje, huda guda a bango. Sharaɗinsa ɗaya, in ya kunnu a rufe ƙofa da taga, in ba haka ba an yi asarar wuta.

Wallahi har shayi na dafa masa don daɗi.

Da muka je ɗakin baya ya ɗaga kai ya ga sassaƙen iska na saman ƙofa cushe da jarida. Ya ce ai wannan ɗakin an riga an gama masa rabin aikin, wa ya toshe shi haka da kyau? Na ce ni ce, wancan karon, saboda iska. Ya tambaye ni jikan nawa ya yi wayo ke nan. Na ce masa shayinsa zai huce.

Lahadi, 10 ga Maris, da safe

Na kira Hazwan na ba shi hukuncina: na bango guda ɗaya, a falo, saboda baƙi da shi kansa, tun da jikinsa ya saba da sanyin birni. Ɗakin baya kada kowa ya taɓa.

Ya yi ta ba ni haƙuri. Mak kaza, Mak kaza, Inna ke nan, yadda Ati take kirana. Daga ƙarshe ya fito da ita. In ba a samu yadda yake so ba, ya riga ya duba wani gidan masu jego a can Shah Alam, irin wanda ake biya, ma'aikata su yi wa mace wanka su dafa mata abinci.

Ina raye. Ƙafata biyu, hannuna biyu. Ni da matan ƙauyen nan suke aiko wa in ɗaure wa 'ya'yansu ciki, ni da dutsena na gasa wa masu jego ciki yake yawo gida gida, 'yata tilo mace za ta je otal wasu yara masu farar riga su yi mata jego? Me zan ce wa mata a masallaci? In ce surukina ya ce gidana bai kai ba?

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Ban yi nadama ba.

Talata, 12 ga Maris, bayan azahar

Na kira Ati da kanta. Na ce ke kina jin abin da mijinki yake shiryawa? Ta ce, Mak, ku yi magana da shi. Na ce da ke nake magana. Sai ta shiga ba ni labarin ƙafarta da ta kumbura, da yadda abin cikin yake motsi in ta sha ruwan sanyi. Ruwan sanyi! Na haɗiye wannan.

Yarinyar da take da baki kamar nawa, yanzu komai sai ku yi magana da shi. Ya gama da ita. Da ganin irin masu ladabin nan, su ne masu taurin kai na gaske.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan sallah

Abang ya ɗauki butarsa ya bi ta bayan masallaci kamar kowace Juma'a. Da ya dawo ya ce ciyawa ta fito a wajen, ya cire. Na ce abinci na kan tebur.

Ni ba na zuwa. Ba don komai ba, gwiwata ce.

Lahadi, 17 ga Maris, da hantsi

To, na sauko. Ina rubutawa ne don in an zo ana cewa Robiah ba ta da sauƙi, littafin nan ya yi mini shaida.

Na ce wa Hazwan na yarda a saka na bango har a cikin ɗakin baya. A ɗakin jego. Da uwata ta ji wannan da ta tashi daga kabari ta mare ni. Sharaɗina kawai, safa a ƙafarta, kada iskar ta dake ta kai tsaye, kuma rimot a hannuna. Ga sanyin da yake kuka a kai, na ba shi. Na jira in ji godiya.

 Sai can ya ce, "Mak, na bango sai an rufe ƙofa."

Na ce to sai me? Dama ƙofar mai jego a rufe take. Ya ce zai zo ranar Laraba ya duba gidan da idonsa.

Ashe ba sanyin yake so ba, so yake ya nuna mini shi ke da iko. Na gane shi yanzu.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Ya zo shi kaɗai, tuƙin awa biyar, ya ɗauki hutun aiki saboda wannan shirmen. Ko ruwa bai sha ba ya hau cikin silin da tocila. Ina jin sa yana rarrafe a kanmu, ƙura na zubo mini a kan tabarma. Ya fi awa ɗaya a ciki. Ya sauko fari fat da yanar gizo a gashi, ya zauna a matakalar gida ya dafe kai.

Ya ce ba zai yiwu ba. Katakon saman ba zai ɗauki bututun ba, kuma ko zai ɗauka lokaci ya ƙure.

Na ce ai Ah Kiat ya faɗa tun sati biyu da suka wuce, kuma shi bai je jami'a ba. Na ce masa ya zo ya raba ni da 'yata ne da dabara, ya kafa sharaɗin da ya san ba zai cika ba. Na faɗa masa da yawa. Abang yana tsaye da kejin kurciya a hannu kamar an dasa shi.

Hazwan bai rama ba. Ya ce in yi haƙuri. Na zuba masa shinkafa da miyar kifi, cokali uku ya ci. Kafin ya tafi ya je har bakin ɗakin baya ya tsaya, bai shiga ba, ya daɗe yana kallon ƙofar.

Abin da ya tsaya mini a rai, mutum ne da ya san aikin nan fiye da Ah Kiat sau goma. Tun a waya ya san gidan katako ba ya riƙe irin wannan sanyin. To me ya kawo shi rarrafe a silin ɗina?

Alhamis, 21 ga Maris, bayan asuba

Abang ya ce, "Ba yaron ba ne, Biah."

Na ce to wane ne? Ya ɗauki hularsa ya fita gona. Yau ba zan yi masa magana ba.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe goma na safe

An kwantar da Ati a asibiti. Jininta ya hau. Saura sati biyu fa. Muna tashar jirgin ƙasa ta Alor Setar.

Juma'a, ƙarfe uku na rana, a jirgi

Ba irin wancan karon ba ne. Ba irinsa ba ne. Hazwan ya ce suna jin bugun zuciyar.

Sanyin jirgin nan ma ya yi yawa.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Mace. Tana kuka. Tana kuka da ƙarfi har ana ji daga baranda. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Abang ya juya wa mutane baya yana goge fuska da hula.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan azahar

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, amma zan rubuta yadda aka yi.

Mazan sun tafi sallah, daga ni sai Ati sai jaririyar. Ɗakin asibitin sanyi kamar me, ƙafarta a waje babu safa. Na ja bargo na rufe mata. Na ce yanzu da kika sauka lafiya, ki gaya wa mijinki ya bar wannan rigimar, Ah Kiat zai saka na bango a wuni ɗaya, ki taho gida. Na tashi zan tura ƙofar ɗakin saboda iskar baranda.

"Bar ta a buɗe, Mak."

Na bar ta. Ta ce ba Hazwan ba ne. Ita ce ta ce ba za ta dawo ba, shi kuma ya ce a bar shi ya nemo hanyar da za ta iya, kuma ya ɗauki laifin don kada ni da ita mu ɓata.

"Ba zafin ɗakin nake tsoro ba. Ƙofar ce. Na dawo daga asibiti hannuna babu komai, kika saka ni a ɗakin nan kika rufe. Kwana arba'in da huɗu. Ina jin mutane suna zuwa gaisuwa kina mayar da su daga matakala. Kika ɗauke wayata. Kika kori Hazwan ya koma aiki. Yarona yana bayan masallaci, taku ɗari biyu, ba ki bar ni na je na ga inda aka sa shi ba. Har yau ba na iya rufe ƙofar banɗaki, Mak."

Ba ta ɗaga murya ba. Jaririyar ta motsa, ta gyara mata kwanciya.

Na ce don lafiyarki na yi. Ta ce ta sani.

Litinin, 25 ga Maris, da safe

Don lafiyarta na yi. Jikin da ya haihu ya haihu, ko da goyo ko babu, haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Masu gaisuwa kuka suke zuwa sa ta, kuka kuwa yana lalata idon mai jego. Waya ma haka. Mai jego ba ta taka ƙasa, balle maƙabarta. Wa ya tashi kullum da asuba ya gasa dutse? Wa ya daka citta har hannunsa ya yi kanta? Ko atishawa ba ta yi ba. A tambayi kowa.

Shekara uku tana cin abincina a sallah tana dariya, ba ta taɓa faɗa ba, sai yanzu a gadon asibiti. Kuma kowa ya sani ban da ni. Har Abang. Sun mayar da ni mahaukaciya ina faɗa da bututu.

Litinin, bayan la'asar

Ko atishawa ba ta yi ba. Magana ma ba ta yi ba, yanzu da na tuna. Nakan ajiye tire in fito in ja ƙofar. Na ɗauka barci take.

Laraba, 27 ga Maris, da rana

An sallame su. Sun wuce gidan masu jegon nan na biya. Na ga wurin, tsaf tsaf, wata yarinya da ba ta kai Ati ba tana nuna mini yadda suke ɗaure ciki. A karkace take ɗaurawa. Na bar ta ta gama.

Mun kamo jirgin dawowa ni da Abang.

Alhamis, 28 ga Maris, bayan azahar

Tun da safe na ɗauko sukundireba na tsaya a bakin ɗakin baya. Kusoshin sun yi tsatsa, na farko ma ya ƙi juyawa, na yanke a yatsa. Ina ta zagin ƙofar ni kaɗai sai ga Abang da man keke da guduma. Bai tambaye ni komai ba. Ya cire na sama, na cire na ƙasa, muka kinkime ta muka saukar ƙarƙashin gida. Nauyi gare ta, jibgegiyar banza.

Na hau kujera na zazzage jaridun da na cusa a sassaƙen sama. Sun cika bokiti. Na ƙona su a bayan kicin.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan sallah

Na bi Abang. Ni na riƙe butar. Ƙaramin wuri ne ƙwarai, ban san haka yake ƙarami ba.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma

Ah Kiat ya zo da na bango guda biyu, ɗaya falo, ɗaya ɗakin baya. Da ya ga ɗakin babu ƙofa ya ajiye akwatin ya riƙe ƙugu. Ya ce Mak Cik, na gaya miki sharaɗin abin nan ɗaya ne. Sanyin zai gudu, injin zai yi ta aiki ba hutu, wutar da zai sha sai kin yi kuka. Na ce na ji. Ya ce to ko labule mai kauri a saka. Na ce ko labule. Ya ce shekararsa ashirin yana wannan aikin bai taɓa ganin wanda ya sayi esi ya cire ƙofa ba. Na ce yau ka gani, huda bangon.

Ya huda yana gunaguni da yarensu. Da ya kunna, sanyin ya biyo baranda har kicin ya kama ni a gwiwa.

Na ɗauki hoton bakin ɗakin na tura wa Hazwan. Ban rubuta komai ba. Na so in rubuta wani abu game da abin da na faɗa masa a matakala, na yi ta gogewa.

Lahadi, 31 ga Maris, da hantsi

Ya gani. Bai amsa ba.

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan azahar

Shiru. Injin nan sai ɗigar da ruwa yake a kan cittar da na shuka.

Laraba, 3 ga Afrilu, bayan la'asar

Ina shanya kifi na ji mota. Ko waya ba su yi ba, gidan ba shara, ni da tsohon zani.

Hazwan ya fito ya kama hannuna ya kai goshinsa kamar ba abin da ya faru. Na riƙe hannun nasa na ɗan jima ban saki ba, iyakar abin da na iya ke nan. Ati ta hau matakala a hankali da jaririyar, kanta ko ɗankwali mai kauri babu, ƙafa a silifas. Ta wuce falo, ta bi baranda, ta tsaya inda ƙofar take a da. Ta sa yatsa a ramin kusoshin.

"Ina take?"

"Ƙarƙashin gida. Abah ɗinki zai yi wa kurciyoyi teburi da ita."

Ta shiga. Ta zauna a bakin gado, tana fuskantar baranda. Ta ce a miƙo mata rimot, na miƙa. Ta ce Hazwan a ɗakin zai kwana, na ce to. Ta ce ranar Juma'a za ta bi Abah bayan masallaci, da ƙafarta. Kwana goma sha uku da haihuwa! Na ce to.

Sai ta ce sati ɗaya za ta yi tukuna, ta gani.

Sati ɗaya. Ni da na tanadi masoro da kifi na kwana arba'in da huɗu. Ina kicin yanzu ina rubutu, daga nan ina hango ƙafarta a kan gado, tsirara, iskar nan na kaɗa gefen zanin. Safa na cikin aljihuna tun ɗazu. Harshena har ciwo yake don cizo.

Ta kira ni. Wai in zo in zauna, ba sai na kawo komai ba.